Aljeriya: Jama'a a Bakin Teku, Arziki a Cikin Hamada

Tambaya: Wani ɗalibi da ya sami gurbin karatu a Aljeriya ya rubuto yana cewa, "Malam, abin da na sani game da ƙasar nan bai wuce cewa tana arewa da Nijar ba, kuma mutanenmu kan je Tamanrasat neman kuɗi. Duk hamada ce? Wa ke mulkinta, da me take samun kuɗi, kuma yaya mutanenta suke?"

Amsa: Allah ya sa albarka a karatun, ɗan'uwa. Tambayoyinka huɗu ne, amma a sarƙe suke da juna, don haka zan bi su yadda suka sarƙe.

Faɗin Aljeriya murabba'in kilomita 2,381,741 ne. Za a zuba Najeriya sau biyu da rabi a cikinta har a sami saura. Tun da Sudan ta rabu biyu a 2011 babu ƙasar da ta kai ta girma a Afirka. Sai dai mutanenta miliyan 45 ne da ɗoriya, kuma kusan tara cikin goma suna zaune ne a wani siririn yanki da ke bin gaɓar Bahar Rum a can arewa. A nan babban birnin ƙasar, Aljas, yake, da Wahran a yamma, da Kusantina da Annaba a gabas. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, ruwan sama na sauka a lokacin sanyi, ana noman alkama da zaitun da lemo da inabi. A garuruwan tudu irin su Satif da Batna ƙanƙara na zuba, saboda haka kada ka tafi da tunanin zafin Agadas kaɗai, ka tanadi rigar sanyi mai kauri. Bayan wannan yanki sai jerin tsaunukan Atlas guda biyu, da faffaɗan tudu a tsakaninsu inda ake kiwon tumaki. Kana tsallake na biyun ka faɗa Sahara, wadda ta cinye fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar. Ita ma ba yashi ce zalla ba. Akwai tekunan rairayi, akwai fako mai tsakuwa, akwai dausayoyin dabino, sannan a kudu akwai tsaunukan Hoggar da tsayinsu ya kusa mita 3,000, inda Tamanrasat take. Daga Aljas zuwa Tamanrasat tafiyar kusan kilomita 2,000 ce a mota, daga nan kuma akwai sauran kimanin 400 kafin In Gezzam, garin da ke fuskantar Asamaka ta Nijar.

Ka riƙe wannan hoton, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin: Aljeriya kamar gida ce da iyali suka taru a zaure, rumbu kuma yana can ƙarshen fili. Jama'a da mulki suna arewa, mai da gas suna kudu. Aljeriyar da mutanenmu suka sani ita ce ta kudu, mai ƙarancin jama'a da yawan sojoji. Kai kuwa, in jami'arka tana arewa, wata duniyar dabam za ka tarar.

Game da mulki, ba sarki gare su ba, jamhuriya ce. A rubuce, shugaban ƙasa ake zaɓa na shekara 5, wa'adi biyu, shi ke naɗa firaminista. Majalisar dokoki zaure biyu ce: ta wakilai da jama'a ke zaɓa kai tsaye, da ta dattawa wadda shugaban ƙasa ke naɗa kashi ɗaya cikin uku na mambobinta. Ba tarayya ba ce irin ta Najeriya. An raba ƙasar zuwa wilayoyi, kowace da walinta, kuma daga Aljas ake naɗo shi, ba zaɓarsa ake yi ba. A 2019 aka yanke shawarar ƙara wilayoyin daga 48 zuwa 58, sababbin duk a kudu, har da In Gezzam da Janat. Shugaba mai ci shi ne Abdulmajid Tabbun, wanda aka zaɓa a Disambar 2019, aka sake zaɓarsa a Satumbar 2024.

Wannan shi ne abin da ke takarda. Wanda yake son ya gane inda ikon yake da gaske sai ya koma tarihin yadda aka haifi ƙasar, kuma a nan zan ɗan daɗe. Faransa ta shigo a 1830, ta kawar da mulkin da ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya tun ƙarni na 16. Amir Abdulƙadir, malami kuma ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya, ya yaƙe ta daga 1832 har 1847 kafin ƙarfi ya rinjaye shi. Abin da ya biyo baya bai yi kama da mulkin mallakar da muka sani a ƙasar Hausa ba, inda Bature ya zo 'yan ƙalilan ya bar sarakuna a kan karagarsu. A can, Faransa ta ce Aljeriya yanki ne na Faransa kanta. Ta ƙwace gonaki mafi kyau ta ba Turawa 'yan kaka-gida, waɗanda suka kai kusan miliyan ɗaya, ta rusa wakafan da ke ɗauke da makarantun Alƙur'ani, ta mai da Larabci baƙon harshe a gidansa. Abin da ya sa Shehu Abdulhamid bin Badis da abokansa suka kafa ƙungiyar malamai a 1931 ke nan, suka yi ta buɗe makarantu don kada addini da harshe su ɓace. Ranar 8 ga Mayun 1945, yayin da Turai ke murnar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara kashe dubban 'yan ƙasar a Satif da Galma da Kharrata saboda sun fito neman 'yanci. Daga ranar, da yawa suka yanke ƙauna daga lallami. Ƙungiyar masu neman 'yanci ta FLN ta ɗauki makami ranar 1 ga Nuwambar 1954, aka yi yaƙi mai muni na fiye da shekara bakwai, aka sami 'yanci ranar 5 ga Yulin 1962. Aljeriya na cewa ta yi asarar shahidai miliyan ɗaya da rabi, masana tarihi na Faransa suna kawo adadin da bai kai haka ba. Ko wanne aka ɗauka, da wuya ka sami dangin da yaƙin bai taɓa ba. Ina ba ka shawara da gaske, kada ka yi wasa da wannan batu a gaban Ba'aljeriye, ko da saurayi ne da aka haifa jiya.

A tsakiyar yaƙin ne Faransa ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko a Raggan, cikin hamadar Aljeriya, a Fabrairun 1960. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Abin alfahari ne da 'yan Najeriya ƙalilan suka sani.

Ƙasar da bindiga ta ƙwato, masu bindigar ne suka gaje ta. Sojojin da ke ƙarƙashin Huwari Bumadyan su suka ɗora Ahmad bin Bella kan mulki a 1962, su kuma suka sauke shi a 1965, Bumadyan ya hau. Tun daga nan babu shugaban da ya hau ba da yardar manyan hafsoshi ba. FLN ta yi mulki ita kaɗai har zuwa tarzomar Oktobar 1988, wadda ta tilasta buɗe ƙofa ga jam'iyyu da yawa. Jam'iyyar masu kishin Musulunci ta FIS ta ci kujeru 188 a zagayen farko na zaɓen majalisa a Disambar 1991, sojoji suka soke zagaye na biyu a Janairun 1992, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa na kusan shekara goma. An yi yankan rago a ƙauyuka, an kashe malamai da 'yan jarida, dubban mutane sun ɓace a hannun jami'an tsaro. Ƙiyasin waɗanda suka mutu yana tsakanin 100,000 da 200,000. Abdul'aziz Butaflika, da ya hau a 1999, ya rufe babin da afuwa ga waɗanda suka ajiye makamai, ba tare da an binciki wa ya yi me ba. An sami zaman lafiya, amma iyalan waɗanda suka ɓace har yau ba su sami amsa ba, kuma a ganina wannan bashi ne da ke kan ƙasar.

Tsoron komawa waccan masifa ne ya sa guguwar 2011 da ta kayar da shugabannin Tunisiya da Libiya da Masar ta wuce Aljeriya. Sai a 22 ga Fabrairun 2019, da aka ce Butaflika, wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi ko yi wa jama'a jawabi tun shekaru, zai nemi wa'adi na biyar, mutane suka cika tituna. Kowace Juma'a bayan salla suke fitowa, maza da mata, tsofaffi da yara, ba ƙone-ƙone, ba fashe-fashe. Ya sauka ranar 2 ga Afrilu bayan hafsan sojoji ya juya masa baya. Mutum ya tafi, tsarin ya zauna. Da aka kai sabon kundin tsarin mulki zaɓen raba gardama a Nuwambar 2020, waɗanda suka fito ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. An ɗaure 'yan jarida da 'yan gwagwarmaya da dama tun daga lokacin. Kai baƙo ne, ka saurari hirar siyasa ka ƙaru, amma kada ka sa baki, a fili ko a Facebook.

To da me gwamnati ke riƙe jama'a? Da kuɗin abin da ke ƙarƙashin hamada. A 1956 aka gano rijiyoyin mai na Hassi Mas'ud da na iskar gas na Hassi Ramal. An kafa kamfanin gwamnati, Sonatrach, a 1963, kuma ranar 24 ga Fabrairun 1971 Bumadyan ya karɓe ragamar mai da gas daga hannun kamfanonin Faransa. Yau kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa daga nan suke zuwa. Ɗanyen man da take haƙowa yana kusa da ganga miliyan ɗaya a rana, bai kai na Najeriya ba. Ƙarfinta a gas yake. A Arzew aka buɗe masana'antar farko a duniya ta sanyaya gas ya zama ruwa don sayarwa ƙasashen waje, a 1964. Bututu ɗaya na bi ta Tunisiya zuwa Italiya, wani na ratsa ƙarƙashin teku kai tsaye zuwa Sifaniya. Na uku, wanda ke bi ta Maroko, an rufe shi a ƙarshen Oktobar 2021. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, Italiya ta juyo gare ta, Aljeriya ta zama babbar mai sayar mata da gas.

Da wannan kuɗi ake tallafa wa burodi da madara da garin alkama da man girki da fetur da lantarki. Karatu kyauta ne har jami'a, asibitin gwamnati ma haka, ana gina rukunonin gidaje masu hawa-hawa ana rabawa cikin rahusa, kuma tun 2022 ana ba matasa marasa aiki alawus kowane wata. Duk wanda ya zo daga wajenmu zai ga gas na shiga gidaje ta bututu, ya ga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a Aljas, ya yaba, kuma ya kamata ya yaba. Ƙasar ta biya yawancin bashinta na waje tun wajen 2006. Rauninta shi ne duk wannan gini a kan farashi ɗaya yake tsaye. Faɗuwar farashin mai ta 1986 ita ta haifi tarzomar 1988, ta 2014 kuma ta cinye mafi yawan ajiyar kuɗin waje da ta kusa dala biliyan 200. Gas ɗin ma, kimanin rabinsa a gida ake ƙone shi saboda arha. Noma bai ciyar da ƙasar ba, tana cikin manyan masu sayen alkama da madarar gari a duniya, duk da dabinon Biskara mai suna da dankalin da ake nomawa da ban ruwa a yashin Wadi Suf. Masana'antu masu zaman kansu suna fama da tarin takardu da dokokin shigo da kaya masu sauyawa kullum. Dinari, kuɗin ƙasar, na da farashi biyu, na banki da na bayan fage, da tazara mai faɗi a tsakani. Saurayi mai digiri yana da burodi mai arha amma ba shi da aiki, shi ya sa za ka ji labarin masu shiga ƙananan jiragen ruwa su nufi Sifaniya.

Maƙwabtanta bakwai ne: Maroko, Yammacin Sahara, Muritaniya, Mali, Nijar, Libiya da Tunisiya. Iyakarta da Maroko a rufe take tun 1994, ta kuma yanke hulɗar jakadanci da ita a Agustan 2021. Tushen rigimar shi ne Yammacin Sahara, domin Aljeriya ke mara wa ƙungiyar Polisario, mai neman ƙwato 'yancin yankin daga hannun Maroko, baya, kuma 'yan gudun hijirar yankin suna zaune a sansanonin Tinduf tun tsakiyar shekarun 1970. Wannan gaba ta shafe mu, don ita ce ke bayan gasar bututu biyu da ake son su kai gas ɗin Najeriya Turai: na Maroko da zai bi gaɓar teku, da na Aljeriya mai tsawon fiye da kilomita 4,000 da zai ratsa Nijar zuwa Hassi Ramal, wanda aka sa wa hannu a Abuja a 2009, aka sabunta a 2022. A 2023 kuma Aljeriya ta fito fili ta ƙi amincewa da shirin ECOWAS na kai yaƙi Nijar.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa, amma tunda ka ambaci Tamanrasat dole in faɗe shi. Shekara da shekaru mata da yara, musamman daga yankin Kance na jihar Damagaram, suna tsallaka hamada su je bara a biranen Aljeriya. A Oktobar 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Tun daga 2014 Aljeriya ke kwaso 'yan ci-rani tana maido su Nijar da dubbai, kuma da yawa, musamman waɗanda ba 'yan Nijar ba, ana sauke su ne a iyaka su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta, amma zubar da mace mai goyo a dokar daji zalunci ne. Abin da ya shafe ka a nan shi ne baƙar fata kan sha tambaya a hanya, wani lokaci har da baƙar magana. Kada ka fita ba tare da katin zama da katin makaranta a aljihu ba.

Mutanen ƙasar kuwa, kusan dukansu Musulmi ne, 'yan Sunna, mabiya Malikiyya, ruwayar Warshu ce ta gargajiya a wajensu kamar yadda take a allunanmu. Akwai 'yan Ibadiyya a kwarin Mizab, wajen Gardaya, mutane masu tsari da iya kasuwanci. Ba duka ke kiran kansu Larabawa ba. Asalin mazauna ƙasar Amazig ne, kuma miliyoyi suna riƙe da harshensu: Kabilawa a duwatsun gabas da Aljas, Shawiya a tsaunukan Auras, mutanen Mizab, da Buzaye a Hoggar da Janat, dangin na Abzin. Sun sha gwagwarmaya, a 1980 da 2001 musamman, kafin harshensu na Tamazig ya zama na hukuma tare da Larabci a 2016. Sabuwar shekararsu, 12 ga Janairu, ranar hutu ce tun 2018. Hutun mako Juma'a da Asabar ne. Abincin Juma'a kuskus ne, na azumi shurba, na kullum kuwa burodi da kofi da madara. Mutane ne masu saurin hawa da saurin sauka, masu ji da kansu, masu karamci in sun yarda da kai. Ƙwallo kuma, ka shirya jin labarin yadda suka ci Jamus ta Yamma 2-1 a 1982, da yadda suka doke Najeriya 1-0 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1990, da bugun Riyad Mahrez na mintin ƙarshe da ya sake fitar da ita a 2019.

Abin da na fi so ka tafi da shi a zuciya shi ne ba baƙuwar ƙasa za ka ba ta fuskar ilimi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki, haifaffen Tilimsan ne, kabarinsa kuma yana Tuwat a wilayar Adrar. Ahalari da kowane ɗalibin zaure ke buɗe fiƙihu da shi, mai shi Abdurrahman al-Akhdari mutumin yankin Biskara ne. Imam Sanusi na tauhidi ma ɗan Tilimsan ne. An haifi Shehu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi kusa da Lagwat, ya yi zamansa a Abi Samgun kafin ya ƙaura Fas ta Maroko inda ya rasu a 1815. Hanyar ba ta zama mai zuwa kawai ba, ta kai mutanenmu can ma, da yawa a matsayin bayi. Jikokinsu suna da wani kiɗan gargajiya da ake kira diwan, kuma cikin waƙoƙinsa har yau akwai masu ɗauke da kalmomin Hausa. In ka sami hutu, kuɗin mota zuwa Tilimsan ko Ainu Madi ba asara ba ne.

Saura maganar harshe, wadda ita ce za ta fara ba ka wahala. Larabcin da ka karanta a Islamiyya zai yi maka amfani a masallaci da aji da karanta jarida, amma na kasuwa dabam ne, ana haɗiye wasula, an cakuɗa shi da Faransanci da Tamazig, sai kunne ya yi watanni kafin ya saba. A jami'a, shari'a da adabi da ilimin addini da Larabci ake koyar da su, kamar a Jami'ar Amir Abdulƙadir ta ilimin Musulunci da ke Kusantina. Likitanci da injiniyanci da sauran fannonin kimiyya sun daɗe a hannun Faransanci, ko da yake gwamnati na tura Turanci, har ta sa shi a firamare tun 2022. Ɗan Nijar yana da sauƙi a nan fiye da ɗan Najeriya. Kafin ka tashi, ka rubuta wa sashen da aka ba ka ka tambaya da wane harshe malamai ke koyarwa a aji yanzu, kuma ko akwai shekarar koyon harshe kafin a fara karatun.